Kurman Adadin da Muka Shaida ni da Baba

Na san abin da gwaggonku Balki ta daɗe tana faɗa muku, wai kakanku ne ya hana ni tafiya jami'a, da ba don shi ba da yanzu ni ma ina da gidan sama a Birnin Kebbi. Allah ya jiƙanta, ba da mugunta take faɗa ba. Tana gidan mijinta a Shanga lokacin da abin ya faru, labarin kuma a kwale-kwale ya isa gare ta, ya jiƙe a hanya. Na yi shiru shekara da shekaru domin ban ga amfanin musu da babbar yaya ba. To yanzu waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun rigaye mu, sai ni da mahaifiyarku, ita kuwa kun san ba mai yawan magana ba ce. In ban rubuta ba, haka za ku gadar wa 'ya'yanku laifin da bawan Allah bai yi ba.

Kakanku Malam Isa rabon gado ne aikinsa. Tun muna garinmu na asali, wanda ruwan dam ya cinye, har aka dawo da mu Yelwa, ba a rasa baƙi a zaurensa. Fulani su zo da maganar shanu, Gungawa su zo da maganar jirage da taruna, daga Wara a zo, daga Shanga a zo. Har Kambarin da ba sa salla sukan zo in rabon gona ya gagare su, domin sun san ba ya karkata. Ilimin hisabi ya karanta a hannun malamansa, kuma ya fi son sa a kan kowane fanni, ko da yake bai taɓa furta haka ba. Sai idonsa ya fara rufewa. Da farko yakan kawo littafi kusa da hancinsa, daga baya ko fuskar mutum ba ya rabewa. Ranar da ya tabbatar ba ya ganin baƙi a takarda, ya sa aka sallami mutanen da ke jiransa, ya ce wanda ba ya ganin littafi ba shi da hurumin yanke haƙƙin marayu. Daga nan ya zauna. Kwanon tuwo yakan koma cikin gida kamar yadda aka fito da shi. Inna ta yi miyar kifi, ta yi miyar kuka, ta yi fura da nonon da ta san yana so, duk sai ya taɓa ya ture.

Ni a lokacin ina koyar da lissafi a sakandare, muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba tukuna. Na nemi jami'a, na kuma aika takardar neman izinin ƙaro karatu zuwa ma'aikata a Sakkwato, ina jiran amsa. Wani abokin aikina ɗan Gana ya ara mini littafi don in riƙa wasa ƙwaƙwalwa kafin tafiya. A hutun damina nakan zauna a zaure bayan la'asar in taya Baba zama, shi yana jan carbi, ni ina juya takarda. Mukan yi awa guda ba wanda ya ce uffan. Tun da na shiga boko ba mu cika samun abin hira ba.

Wata rana na yi tsaki a kan wani shafi, sai ya ce, "Manu, mi kake karantawa da ya gagare ka haka?"

Na ce, "Baba, maganar lambobi ce waɗanda ba sa rabuwa. Kamar sha ɗaya, ko sha uku, ko sha bakwai. Ko me ka raba su da shi sai an bar saura, in ba da ɗaya ko da kansu ba."

Ya ajiye carbin a cinyarsa. Ya ce, "Asammu ke nan. Kurman adadi. Ka kira shi da rabi bai amsawa, ka kira shi da sulusi bai amsawa, rubu'i, humusi, har ka kai ushuri yana kallonka. Ashe boko sun san shi?"

Ranar har aka kira magariba muna magana. Ya jera mini yadda malamansa suka kasa adadi: akwai shafa'i mai rabi akwai wuturi marar rabi, akwai mai amsawa akwai kurma, akwai kuma wanda suke kira cikakke, kamar shida, wanda in ka tara ɗaya da biyu da uku da ke raba shi sai su dawo maka da shida cif. Muka yi ɗan musu, domin su a wajensu kurumta daga sha ɗaya take farawa, mu kuwa a boko har biyu da uku da biyar da bakwai muna sawa a ciki. Bai yarda da namu ba, ban yarda da nasu ba, amma da aka fito da tuwo ya cinye tas yana ci gaba da kawo hujja.

Kashegari na karanta masa abin da ya sa ni tsaki. Littafin ya ce ka ɗauki ɗaya ka yi ta ninkawa, biyu, huɗu, takwas, sha shida, sannan ka cire ɗaya daga inda ka tsaya. In ka ninka sau biyu ka cire ɗaya, uku. Sau uku, bakwai. Sau biyar, talatin da ɗaya. Sau bakwai, ɗari da ashirin da bakwai. Duk ba sa rabuwa. In kuwa ka daure ka ninka sau talatin da ɗaya ka cire ɗaya, za ka sami 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Littafin ya ce wannan ƙaton adadi ma kurma ne, wani Bature ya tabbatar tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Baba ya sa na maimaita masa sau uku, yana motsa leɓe, har ya zauna masa.

Ya ce, "Wuturi ne, ba shi da rabi. Ƙarshensa bakwai, ba shi da humusi. Na tara alƙalumansa sun ba ni arba'in da shida, ba shi da sulusi. To sauran fa? Wa ya shaide shi?"

Na ce, "Baturen da na faɗa maka."

Ya ce, "Shaidar mutum guda? Ko akuya ba a ba mutum da shaida guda."

Na yi dariya na ce ai shaida ta biyu tana da wuya. Na bayyana masa cewa ba sai an gwada duk lambobin duniya ba, domin in abu ya rabu gida biyu dole ɗayan ya zama ƙarami, kuma a nan ƙaramin ba zai wuce dubu arba'in da shida da ɗari uku da arba'in ba. Amma ko kuramen da ke ƙasa da wannan sun kai dubbai, kowanne kuma sai an yi masa doguwar rabawa. Sai ya ce in ba shi wani daga danginsu wanda ya rabu, ya ga inda ya karye. Na ba shi na ninki sha ɗaya, wato dubu biyu da arba'in da bakwai. Kallo ɗaya za ka ce kurma ne, alhali ashirin da uku ne sau tamanin da tara.

Bayan kwana biyu ina alwalar la'asar sai na ji yana ƙwala mini kira, irin kiran da rabon da in ji shi tun ina yaro.

Ya ce, "Ninki sha ɗaya munka yi, ko? Riɓa sha ɗaya, ashirin da biyu. Ƙara ɗaya, ga ashirin da ukunka. Ashirin da biyu sau huɗu, tamanin da takwas. Ƙara ɗaya, ga tamanin da tara. Ɓarayin nan da ke raba shi duk 'yan gida guda ne. Kawo wani mu gani."

Na ninka sau ashirin da uku na cire ɗaya, ya ba ni miliyan takwas da 'yan kai. Baba ya ce kada in ɓata tawada, in riɓa ashirin da uku in ƙara ɗaya, in fara da arba'in da bakwai. Na raba. Na kai layin ƙarshe, babu saura ko ɗaya. Na faɗa masa. Ya daki cinyarsa ya yi wata irin dariya har Inna ta leƙo da ludayi a hannu tana tambayar lafiya. Da aka koma makaranta na kai wa ɗan Ganan nan maganar, ya buɗe can ƙarshen littafin ya nuna mini cewa ƙa'ida ce tabbatacciya, masana sun kafa mata hujja tun da daɗewa. Ya ƙi yarda cewa makaho ne ya gano ta a zaure, sai da ya biyo ni gida ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya ji daɗi, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe su ma sun gani."

Wannan ƙa'ida ta rage mana aiki ƙwarai. Tunda ninki talatin da ɗaya ne, duk mai iya raba adadinmu dole ya fito daga gidan sittin da biyu da ƙarin ɗaya. Na ƙirga, ɗari bakwai da arba'in da bakwai ne kacal kafin a kai iyaka. Muka yi shawara za mu fara ranar Asabar. Ranar Alhamis takarda ta iso. Jami'a ta ɗauke ni, ma'aikata ta ba ni izini, kuma ana so in isa kafin a gama yankan gero.

Gida ya cika da murna. Mahaifiyarku Hajara, tana da cikinki ke Asma'u a lokacin, ta sa aka sayo akwatin ƙarfe, ta shiga banda kifin da zan tafi da shi. Da na karanta wa Baba takardar ya yi hamdala, ya dafa kaina ya ce in tafi, in karanto abin da shi bai samu ba. Ya ce maganar adadi kuwa ba ta ruɓewa, in na zo hutu sai mu taɓa. Amma a ranar ya koma jan carbi shiru, kwanon tuwo kuma ya koma ciki da rabinsa. Da safe na shiga gaida Inna, na tarar tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Ni ban ce ka zauna ba, kada ka ce na ce. Shekara guda ina dahuwa ina zubarwa, sai da kunka fara wanga lissafi naku na ga gindin kwano. Abin da na gani ke nan. Allah shi kiyaye hanya."

Na yi kwana uku ina juya abin. Ba zan yi muku ƙaryar cewa tausayin uba ne kaɗai ya riƙe ni ba. Akwai shi, amma akwai kuma son raina. Shekara ashirin da wani abu ina gaida mutumin nan safe da yamma ban san shi ba, sai ga shi cikin wata ɗaya na gane ƙwaƙwalwar da nake taƙama da ita tasa ce ya ɗiba mini. Na ji ba na son in bar zauren. Na kuma yaudari kaina da cewa shekara ɗaya ba komai ba ce, baɗi na tafi. Na rubuta wa jami'a da ma'aikata ina roƙon a ɗaga mini, na kai gidan waya da kaina, sannan na dawo na faɗa.

Hajara tana tsugune a bakin banda, hayaƙi na shiga idonta. Ta ce, "Na riga na aika wa mutanen gidanmu cewa za ka tafi. In don Baba ne, ai ina nan, ni zan kula da shi."

Na so in mai da abin wasa, na ce, "Kin iya doguwar rabawa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta juya kifinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Akwatin nan shi ne wanda kuka taso kuka ga tana ajiye zannuwa a ciki.

Na Baba ya fi tsanani. Ya ce, "Ni na ce ka zauna? Na ce ka tahi! Ka mai da ni turke, gobe a ce makaho ya ɗaure ɗansa." Ya juya fuska bango. Duk rayuwata wannan ne umarninsa guda da na taɓa ƙetarewa. Kwana tara ina gaishe shi yana amsawa da ka, in na zauna da takarda sai ya ce a kai shi ɗaki. A rana ta goma Inna ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, takarda dai ta riga ta tahi. In ka ƙi aikin nan kuma, ya yi biyu babu." Ta koma abinta.

Baba ya gyara zama. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Sittin da uku ya faɗi, yana da sulusi. Ɗari da ashirin da biyar ya faɗi. Ɗari da tamanin da bakwai, sha ɗaya ne sau sha bakwai. Metan da arba'in da tara ya faɗi. Ɗari uku da sha ɗaya, wanga kurma ne. Raba."

Ashe duk kwanakin fushin nan yana tankaɗe su a ka. Na raba, aka bar saura talatin da biyar. Haka muka fara.

Muka raba aiki. Shi ke tankaɗe, ya zubar da duk wanda ke da sulusi ko humusi ko subu'i, wato mai rabuwa da uku ko biyar ko bakwai, domin mai rabuwa ba sai an gwada shi ba, kuramen da ke cikinsa sun wadatar. Fiye da rabi suka zube ta haka. Ni ke rabawa a takarda, in karanta masa amsa da saura, shi kuma ya auna da abin da yake kira mizani, wato ya tara alƙaluma yana zubar da tara-tara har ya ga ko ɓangarorin biyu sun yi daidai. Da lambobin suka yi tsawo sai ya sa aka cika masa faifai da rairayin bakin ruwa, yana zana da yatsa yana shafawa. Inna ta tsorata kada a ce Malam ya koma bugun ƙasa. Ai kuwa ba a yi mako ba wata tsohuwa ta shigo tana so a duba mata wanda ya ɗauke mata taru. Baba ya ce da ita wannan faifan ɓarayin adadi kaɗai yake kamawa, ta je wajen sarkin ruwa.

Uku ko huɗu muke yi a yini, daga la'asar zuwa magariba, ban da Juma'a. Aka yanke gero, aka yanke shinkafa, tafkin dam ya cika ya fara ja da baya. A tsakiyar aikin aka haife ki Asma'u, muka huta mako guda. Wata rana na raba na ga babu saura. Na miƙe tsaye ina cewa mun kama Bature. Baba ya ce in zauna in karanto masa. Ya auna, ya sake aunawa, ya girgiza kai ya ce mizani bai tsaya ba, in duba tsakiya. Na duba, ashe na sauko da huɗu sau biyu. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi na so a ce mun kama shi." Muka yi ta dariya. A cikin watannin nan ne kuma ya yarda a sake kawo masa rabon gado, ni ina karanta masa littafi shi yana yankewa. Ya shekara shida yana yi kafin Allah ya karɓi abinsa.

Jami'a kuwa ba ta jira ni ba. Da shekara ta zagayo na sake nema, aka ce layi ya wuce ni. Na ƙara nema sau biyu, sannan kuka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, na bar maganar. Waɗanda muka nema tare sun dawo sun zama shugabannina, wasu har sukan zo duba aikina a aji. Ba zan ce bai taɓa yi mini ciwo ba, kuma na san ya fi yi wa mahaifiyarku, ko da yake sau ɗaya tak ta taɓa ambatawa. Amma na koyar da lissafi a garin nan har na yi ritaya, na ci na ƙoshi, kuma duk sanda na auna abin da na bari da abin da na samu, ban ga an cuce ni ba.

Ranar da muka gama, zafi ya shigo sosai, mun fito da tabarma gindin darbejiya. Na raba na ƙarshe, aka bar saura, ya auna ya ce ya tsaya. Muka ji kamar mun sauke kaya daga ka.

Ya ce, "Rubuta. Ni Isa na bincika, ni da ɗana Usmanu, mun kira wanga adadi da duk sunan da zai iya amsawa, bai amsa ba. Kurma ne. Baturen ya faɗi gaskiya." Na rubuta, na kama yatsansa ya dangwala. Sannan ya ce, "To wane ne ke bi mishi cikin danginsu?"

Na duba littafi na ce sai an ninka sau sittin da ɗaya, duk na tsakani sun rabu. Ya ce mu ninka mu ji. Muka ɗora daga inda muke, yana faɗa ina rubutawa, har sau talatin, muka cire ɗaya ana kiran magariba. Alƙaluma goma sha tara. Ya tambaye ni wata nawa wannan zai ci mu. Na ce, "Baba, in da hannu ne, ko jikokin jikokinka ba za su gama ba."

Ya lalubi sandarsa ya miƙe, yana murmushi. Ya ce, "To mu mun yi namu. Ka rubuta musu shi ka aje, su san inda anka tsaya."

Ga shi nan: 2,305,843,009,213,693,951. Na ji an ce wayar da ke aljihunku tana iya gama shi kafin shayi ya huce. Wannan kuma tsakaninku da ita. Saƙon kakanku ne, ni dai na isar.